Yadda na mayar da ƙaramin kan jirgin GP9 ya koma GP10 irin na Paducah

Wanda ya shiga sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a nan Amurka ba ya daɗewa yake gane cewa ba kowane kan jirgi ake samu a kwali ba. Wani ba a taɓa ƙera shi ba, wani an yi shi ya ƙare a kasuwa, wani kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu. Abin da masu wannan sha'awa suke yi shi ne su sayi wanda ya yi kusa da shi, su yanke nan, su ƙara can, su sake masa fenti. Da na tashi yin nawa na farko, bayani bai yi mini ƙaranci ba, jeri na rasa. Kowa zai gaya maka yadda ake yanka ko yadda ake feshi, amma ba mai gaya maka wanne ne gaba da wanne, ko a ina za ka zauna zaman jira. Shi ya sa zan faɗi nawa daki-daki yadda ya gudana.

Kan jirgin da raina ya kwanta da shi yana da tarihi. Kamfanin EMD, wanda a lokacin reshen General Motors ne mai masana'anta a La Grange ta jihar Illinois, ya fito da GP7 a 1949 mai ƙarfin doki 1,500, sannan GP9 a 1954 mai ƙarfin doki 1,750. Yawancinsu hancinsu dogo ne, ya kai kusan rufin ɗakin direba, don haka direba ba ya ganin gabansa sai ta taga ɗaya a gefe. Kamfanin reluwe na Illinois Central ya mallaki ɗaruruwansu. Da suka tsufa, tun daga ƙarshen shekarun 1960, maimakon ya zubar da su ya sayi sababbi, sai ya riƙa kai su babban garejinsa na garin Paducah a jihar Kentucky, a warware su a sake ginawa. GP7 ya fito da sunan GP8, GP9 ya fito da sunan GP10. A can ake sare hancin ya koma gajere, a buɗe tagogi a gaba, a ɗora akwatin matatar iska a kan rufi bayan ɗakin direba, a ƙara bututun hayaƙi daga 2 zuwa 4. Aikin ya ci gaba bayan haɗewar kamfanin da Gulf, Mobile and Ohio a 1972, inda suna ya koma Illinois Central Gulf. Wato abin da zan yi da roba a kan tebur shi ne abin da maƙeran Paducah suka yi da ƙarfe, kuma wannan ne ya ja ni.

Matakin farko ba shi da alaƙa da wuƙa ko fenti. Wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu ƙananan jirage, wanda ya yi ritaya daga aikin reluwe, ya ce mini kada in ce zan yi GP10, in ce zan yi mai lamba kaza. Da farko ban fahimci nauyin maganar ba sai da na tara hotuna. Ashe da wuya ka sami biyu iri ɗaya: wani fitilarsa biyu ce a zaune kan hanci, wani tana tsakanin allunan lamba, wani gilashin gabansa guda ne, wani an raba shi. Na zaɓi guda daga jerin masu lamba 8000 wanda na samu hotonsa ta gefen dama da hagu da gaba. Hoton rufi ne ya ba ni wahala, domin masu ɗaukar hoto a ƙasa suke tsayawa, sai da na dace da wanda aka ɗauka daga kan gada. Na kuma je gidan tarihin reluwe na Illinois da ke garin Union, inda aka ajiye GP7 mai lamba 1518 na kamfanin Chicago and North Western. Ba irin nawa ba ne, amma tsayawa kusa da shi ya nuna mini abin da hoto ba ya nunawa: kaurin ƙarafunan dafawa, zurfin ƙofofin gefe, da inda baƙin mai yake taruwa a jikin tanki.

Daga nan sai kasuwa. Akwai wadda ake ci wata-wata a bayan garin Chicago, a biya 'yan daloli a ƙofa, tebura cike da tsofaffin kaya. Ma'aunin da nake aiki da shi HO ne, wato kashi 1 cikin 87 na ainihin girman, faɗin layinsa milimita 16.5, kuma GP9 a wannan ma'auni bai cika santimita 20 ba. Na sami na hannu wanda ba shi da kumburin birkin lantarki a rufi, domin na hotona ba shi da shi, kuma cire wannan kumburi aiki ne babba. Mai tebur ya ce dala 60, muka daidaita a 45. Abu ɗaya da ya kamata mai saye ya duba shi ne faɗin doguwar rumfar injin. Wasu tsofaffin samfura an faɗaɗa ta fiye da ƙima don injin lantarkin zamanin ya shiga, kuma kayan ƙari da ake sayarwa yanzu ba sa zama a kansu daidai. A irin wannan kasuwa yawanci akwai guntun layi na gwaji a gefe. Na ɗora shi ya tafi gaba ya dawo, amma cikin hayaniyar jama'a kunne ba ya kama komai.

Sai da na zo gida, dare ya yi shiru, na ji yana wani ƙas, ƙas, ƙas a kowane juyin ƙafa, yana ɗan ɗingishi. Gabana ya faɗi, na ɗauka kuɗina sun tafi. Da na buɗe murfin ƙasan ƙafafun sai na ga ƙananan giyoyin roba da ke riƙe da sandar ƙafa sun tsage, tsagewa siririya da sai ka matsa da farce take buɗewa. Cuta ce sananniya a tsofaffin samfura, maganinta kuma mai arha: fakitin sababbin giyoyi bai kai dala 10 ba. Na sauya duka huɗun, na wanke tsohon giris da ya daskare ya zama kamar danƙo, na sa sabo ɗan kaɗan wanda ba ya cin roba, na auna tazarar ƙafafun da ma'aunin NMRA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jirage. Na bar shasin tsirara yana zagaya layi har ya yi laushi. Ina jaddada wannan domin a nan ne jerin ya fara: jiki ba ya amfani in ƙasa ba ta tafiya, kuma duk buɗewar da za ka yi bayan fenti tana barin tabo.

Kayan ƙari na yi odarsu tun a wannan lokaci: fitilu, ƙaho, ƙararrawa, bututun hayaƙi, igiyoyin birki, waya ta tagulla mai kaurin inci 0.012, fallayen robar Evergreen masu kaurin rabin milimita da milimita ɗaya, ƙugiyoyin haɗa taragu na Kadee, da sitikar ruwa ta Microscale mai ɗauke da rubutu da lambobi. Masu yin irin waɗannan kaya, irin su Details West da Cannon and Company, ƙananan kamfanoni ne, ba kullum kowane abu yake a shago ba. Yawanci sun iso cikin mako, amma fitilar hanci sai da na yi makonni ina jira, shagon da na yi oda yana cewa tana hanya. Lokacin jiran na yi amfani da shi wajen cire tsohon fenti. Na cire gilasai da ƙarafunan dafawa, na jiƙa jikin a sinadarin alkohol na isopropyl mai ƙarfin kashi 91 cikin roba mai murfi. Na kashi 70 ba ya yin komai. Bayan 'yan sa'o'i fentin ya fara saki, na bi shi da tsohon burushin haƙori, na mayar, na sake bi. Wasu suna ba da shawarar man birki. Ni ban kusance shi ba, domin yana sa wata robar ta bushe ta riƙa karyewa.

Yankan hanci shi ne inda hannu yake rawa. Tambayar ita ce nawa za a cire, kuma amsar tana cikin hoto. Tazarar da ke tsakanin sandunan ƙafafu biyu na bogin Blomberg, wato firam ɗin da ke riƙe ƙafafun a ƙarƙashin waɗannan jirage, ƙafa 9 ce ta awo, a ma'aunin HO kuwa kowace ƙafar awo milimita 3.5 ce, wato milimita 31.5 ke nan. Na buga hoton gefe a takarda, na riƙa ƙara girmansa har tazarar ta zo daidai 31.5 a kan rula, daga nan duk abin da na auna a takardar shi ne abin da zan auna a roba. Na raba hancin da ɗakin direba, na zagaye shi da tef a matsayin layin yanka, na bi da ƙaramin zarto mai siraran haƙora a hankali, ina barin rarar kusan milimita ɗaya. Rarar nan da magagari da samfefa ake cinye ta, a shimfiɗa samfefar a kan gilashi a riƙa goga robar a kanta, ba a riƙe ta a hannu ba, in ba haka ba gefen zai fito da tudu da kwari. Na mayar da murfin saman, na tokare shi ta ciki da guntayen roba, na ɗiga gam na ruwa wanda yake narkar da robar ya haɗe ta. Gaban ɗakin direba ya zama rami buɗe, na yanka sabon bango daga falle na huda tagogi, na gina allunan lamba a samansa. Da na zo mayar da jikin kan shasi sai ya ƙi zama: dalmar da aka sa a cikin hanci don nauyi ta fi sabon hancin tsawo. Dole aka kwance ta, aka kai ta nesa da injin lantarkin kafin a gurza, saboda garin ƙarfe in ya shiga giya ya gama da ita.

Akwatin matatar iskar ban same shi a yadda nake so ba, na gina shi da hannu daga fallayen roba, kuma shi ya fi komai cin lokaci duk da bai fi ƙwayar dabino girma ba. Na toshe ramukan tsofaffin bututun hayaƙi, na dasa huɗu. Ƙananan ƙarafunan hawa da aka zuba a jikin robar na kankare su da bakin reza, na huda ramuka da allurar huji mai lamba 79, na lanƙwasa waya na soka da hantsaki, na kama da sufa gulu ta ciki. Allurar nan siririya ce ƙwarai, ana sayenta da yawa ne domin karyewa ɗabi'arta ce. Duk gaɓar da ta rage na cike ta da fila irin ta masu gyaran bodin mota, na goge da samfefa mai lamba 400 sannan 600 da ruwa. Na wanke jikin da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi, na bar shi ya bushe da kansa, daga nan ban ƙara taɓa shi da hannu tsirara ba.

Fentin share fage na fara yi a garejin gida da gwangwanin feshi, ana tsakiyar sanyi. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Abban yara, warin nan fa har ɗakin kwana." Gaskiyarta, kuma sanyin ma ba ya barin fenti ya kwanta. Sai na koma ɗakin ƙungiya inda akwai akwatin feshi mai fanka da ke fitar da iska waje, ana rubuta suna a layi a jira rana. Fari na yi amfani da shi a matsayin share fage, domin launukan da zan sa fari ne da ruwan lemo, wanda Illinois Central ya fara a 1967, kuma ruwan lemo ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. In ka ɗora shi kan toka sai ya fito a dushe. Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne yadda wannan fenti na farko yake tona asiri. Gaɓar hancin da na rantse ta ɓace sai ga ta ta fito ɓaro-ɓaro, har da sawun magagari. Ran nan na koma gida jikina a sanyaye. Dattijon nan ya ce haka yake yi wa kowa, aikinsa ke nan. Na sake cikewa, na goge, na fesa, har sai da na haska fitila ta gefe ban ga inuwar layi ba.

Launi da ƙaramar bindigar feshi ake sa shi. Na tsinka fentin da tina ɗinsa har ya yi kaurin madarar shanu sabuwar tatsa, na sa matsin iskar kwampreso wajen awo 20, na riƙe bindigar kimanin santimita 12 daga jiki, ina fara feshi kafin in iso jikin in kuma wuce shi kafin in saki. Shafi siriri sau da yawa, ba mai kauri sau ɗaya ba. Fari ne farko, kullum mai haske kafin mai duhu. Sai jira, kuma wannan jiran ba a yi masa wayo: a kai hanci kusa, in har ana jin warin fenti bai bushe ba, ko da yatsa ya ce ya bushe. Bayan kwanaki na rufe saman doguwar rumfar da tef na Tamiya, ina danna shi cikin kowane lungun ƙofa da tsinken sakace. Dabarar da ta cece ni ita ce sake fesa farin a bakin tef ɗin kafin ruwan lemo. Duk inda fenti zai kurɗa, farin ne zai kurɗa ya toshe. Sannan ruwan lemo a hanci da ɗakin direba da ƙasan rumfa. Na cire tef ɗin tun fentin bai gama ƙarfi ba, ina jan sa baya a kwance. Da layin ya fito a miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, na daɗe a zaune ina kallonsa. Shasi da tanki da bogi baƙi na yi musu daban. Ƙarafunan dafawa kuwa wata irin roba ce mai santsi da ba ta karɓar gam ko fenti, sai an fara fesa mata sinadarin kama fenti na masu gyaran mota, in ba haka ba yana ɓarewa da an lanƙwasa.

Sitikar ruwa ba ta son wuri mai kaushi, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinta ta yi fari-fari. Don haka sai da na fesa ruwan ƙyalli marar launi, na sake jira. Na yanka kowane rubutu dab da bakinsa, na tsoma a ruwa na ɗan lokaci, na shafa Micro Set, sinadarin da ke sa sitika ta kama, a wurin, na zame shi da jiƙaƙƙen burushi. Bayan ya ɗan kama na shafa Micro Sol, mai tausasa sitikar, a sama. A nan ne zuciya take tsinkewa: rubutun zai yamutse gaba ɗaya kamar ya lalace. Kada a taɓa. A tashi a bar ɗakin. Da safe za a tarar ya miƙe ya shige cikin kowane layin ƙofa sai ka ce da fenti aka rubuta. Inda kumfa ta rage, a soke ta da bakin allura a ƙara ɗigo. Lambobin ɗaya bayan ɗaya na jera su, na gefen ɗakin direba da na allunan gaba waɗanda sai da gilashin ƙara girma. Na goge sauran sinadarin da ɗanyen ƙyalle, na sake fesa ƙyalli don bakin sitikar ya ɓace, sannan Dullcote ya kashe ƙyallin duka.

Gilasai a ƙarshe ake sa su, bayan fenti marar ƙyalli, domin yana dusar da su, kuma da farin gam, domin tururin sufa gulu yana bar musu hazo. Na ɗan tsufar da shi yadda hoton ya nuna: baƙin hayaƙi a rufi kewaye da bututu, ƙura mai ruwan ƙasa a bogi, zirin mai a tanki, duka da garin alli mai launi da busasshen burushi. Na tsaya tun ina ganin kamar bai isa ba, kuma har yanzu ina ganin nan ne daidai. Na'urar sarrafawa ta DCC, wadda ke karɓar umarni ta layi bisa lambar jirgin, na saka bayan na tabbatar injin lantarkin ba ya taɓa shasi, fitilun LED kowace da abin rage wuta na om 1,000. Na fara gwada shi a layin saiti mai ƙaramar wuta, a kan lamba 3 da kowace sabuwar na'ura take zuwa da ita, kafin in ba shi lambarsa. Ƙugiyar gaba ta ɗan yi ƙasa a ma'aunin Kadee, siririn zoben ciko ɗaya ya gyara ta. Ranar taron ƙungiya ya ja taragu goma sha biyar ya hau gangara bai yi tari ba.

Da na haɗa lissafi, kan jirgin da giyoyi sun ci kusan dala 55, kayan ƙari da roba wajen 50, sitika da fenti da sinadarai wajen 45, na'urar sarrafawa 30. Ban sa bindigar feshi da kwampreso ba tunda na ƙungiya na ara. Wanda zai saya nasa ya tanadi abin da ya haura dala 100. Wato ba arha ake nema a wannan aiki ba, sau da yawa na kwali ma bai fi haka ba. Wanda zai fara, shawarata ya yi odar komai tun ranar da ya zaɓi hoto, kuma kada ya kai zarto jikin roba sai kayan sun iso hannunsa, domin girman fitilar da ta zo shi yake yanke girman ramin da za a huda. Ya sayi wani tsohon jikin tarago na dala biyu ya riƙa gwada kowane fenti da kowane sinadari a kansa tukuna. Ya tsaya kan fentin kamfani ɗaya da tina ɗinsa, domin mai ƙarfi in ya hau kan mai ruwa yana iya tayar da shi. Takunkumi mai matatar sinadari ba abin sakaci ba ne, na takarda ƙura kawai yake tarewa. Lokaci kuwa, nawa ya ɗauki kusan dukan hunturu, kuma fiye da rabinsa jiran bushewa ne da jiran saƙo.

Masu tambaya ko za a iya yin na gida Najeriya da wannan hanya, ana iyawa, sai dai akwai abin lura tun kafin a sayi komai. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta yi aiki da EMD G12, ɗan gida ɗaya da GP9, injinsa na jerin 567 ne mai silinda 12 maimakon 16, kuma kamfanin Frateschi na Barazil yana yin G12 a ma'aunin HO. Amma tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na Amurka ba. In aka raba da 87 ana samun milimita 12 da 'yan kai, don haka wanda yake son ya fito daidai sai ya nemi layi mai faɗin milimita 12, irin wanda masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu da jihar Queensland ta Ostareliya suke amfani da shi, ya kuma matse ƙafafun da bogin su hau kansa. Wannan aikin ƙasa ne, shi za a fara gamawa kafin a taɓa jiki.